'Yarmu ta ce sosiyoloji za ta karanta: ina wannan hanya take kai mutum?

Baffan Hausare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. 'Yar yayana marigayi, wadda take hannuna tun tana firamare, ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, bana. Ni na so ta shiga konkur, wato jarrabawar neman gurbi, na aikin asibiti ko na koyarwa, abin da mutum zai gama ya sami matirkil, lambar ma'aikacin gwamnati, ya huta. Ita kuwa ta kafe sai jami'ar Ngaundare a nan Kamaru, sai sosiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma. Na ce me ake zama idan an gama? Ta ce mai bincike. Wai tana son ta gano abin da ya sa wasu gidaje kullum suke gaba, wasu kullum suke baya. Na ce ai wannan tambayar wa'azi ce, ba ta albashi ba. Kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, ba shi ya dame ni ba. Ɗaki a Dang inda jami'ar take, abinci, fotokopi, kuɗin mota daga Garwa, su ne abin lissafi. Wanda ya san wannan karatu ya gaya mini gaskiya don Allah.

Mai Kilando Domayo:
Wa alaikumus salam Baffa. Ga amsarka a kan babur. Lisans, wato digirin farko, na sosiyoloji nake da shi, yana cikin leda a ƙasan akwati, ni kuma ina tsaye bakin kasuwar Marwa ina jiran fasinja. 'Yan ajinmu da suka sami abin yi, ko dai sun ci wani konkur daban, ko suna koyarwa a makarantun kuɗi, ko suna bin ƙungiyoyin agaji da kwantiragin wata uku-uku. Ka sa ta aikin asibiti. Mai allura ba ya kwana da yunwa.

Ɗan Kusuri:
Kilando ya faɗi rabi. Aiki akwai, sai dai a san irinsa. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, rikicin Boko Haram ya tsallako, ƙungiyoyi suka cika Marwa, Mora, Mokolo da nan Kusuri, kuma kowace tana neman wanda zai shiga ƙauye ya yi tambayoyi. Ni da shi na yi aure. Amma Baffa, bari in nuna maka yadda aikin yake. Za a miƙa maka tablet da tambayoyin da wani ya tsara da Faransanci a ofis. Kai ne za ka juya su zuwa Larabcin Shuwa ko Fulatanci ko Hausa a tsaye cikin rana. "Sau nawa kuka ci abinci jiya?" Matar da kake tambaya ta amsa wannan tambayar ga ƙungiya huɗu kafin kai, ta san amsar da ke kawo buhu da wadda ba ta kawowa. Ka danna, ka wuce gida na gaba. Da yamma a tura bayanan, wani a Yawunde ya rubuta rahoto, sunanka ko a shafin godiya babu. Idan wannan take nufi da bincike, to ta zo. Idan tana son ita ce za ta tsara tambayar, tafiyar da nisa.

Malama 'Yar Dang:
Baffa sannu da ɗawainiya, Allah ya jiƙan mahaifinta. Ni wannan hanyar na bi, don haka bari in shimfiɗa maka ita. Lisans shekara 3, masta 2, dokta 3 a takarda, amma a aikace doktan yakan ja fiye da haka, domin kuɗin zuwa filin bincike daga aljihunka yake fita. Bayan nan sai jiran ɗauka a jami'a, a fara daga ƙaramin malami a hau mataki-mataki har farfesa, kuma kowane mataki sai ka nuna abin da ka wallafa. A ƙarshen 2018 shugaban ƙasa ya ba da umarnin ɗaukar masu dokta 2,000 cikin shekara uku, kuma duk da haka waɗanda ba su sami shiga ba sai da suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde. Abin da ya ɗan sauƙaƙa mana a arewa shi ne jami'o'in sun ƙaru: Ngaundare ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa 2008, Garwa 2022.

Tambayar da ta yi maka kuwa ba ta wa'azi ba ce, ita ce ainihin fannin. Akwai wani Bafaranshe, Pierre Bourdieu, wanda duk ɗalibin shekarar farko zai sha sunansa har ya gundure shi. An haife shi a 1930 a wani ƙauye na kudu maso yammacin Faransa, ubansa ma'aikacin gidan waya ne. Falsafa ya karanta a Paris. Aikin soja ya kai shi Aljeriya a 1955, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, can ya ga manoman da aka tumɓuke daga gonakinsu aka tara a sansanoni, sai ya bar falsafa ya koma bin mutane da tambaya. Da ya dawo gida ya juya wannan idon kan makarantun ƙasarsa. Abin da shi da abokin aikinsa Passeron suka fitar a 1964 shi ne, makaranta tana saka wa yaro a kan abin da ba ita ta koya masa ba. Gado ba kuɗi da gona kaɗai ba ne. Yadda ake magana a gidanku, littattafan da ke ɗakin babanka, rashin jin tsoron mai taye, duk jari ne da ake gada, shi ake kira jarin al'ada.

Ka ɗauki yara biyu a Garwa. Ɗaya ɗan ma'aikaci, tun yana rarrafe da Faransanci ake yi masa faɗa. Ɗaya kuma ranar da aka kai shi aji ɗaya ita ce ranar da aka fara yi masa magana da Faransanci, ga shi da asuba ya je allo, da yamma yana tsaron shago. Shekara goma sha uku bayan nan a ba su jarrabawar falsafa iri ɗaya, mai gyara ya rubuta wa na farko "yana da basira", na biyu "yarensa da rauni". Ba wanda ya yi maguɗi, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, amma gidan da ke gaba ya sake yin gaba. Irin wannan take son ta karanta.

Tsohon Direkta, Gidar:
Malama, da girmamawa, wannan magana ta daɗe tana ba ni haushi. Na yi rayuwata a aji. Na ga ɗan manomin auduga da ke zuwa ba takalmi ya zama likita, na ga ɗan sufurfe, babban jami'in mulki na gunduma, ya kasa cin takardar firamare. Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ɗan wane ne a Garwa? Makaranta ce ta kai shi Yawunde, ya zama ma'aikacin rediyon gidan waya, daga nan ya kai inda ya kai. Shi kansa Baturen naki, ɗan mai raba wasiƙa ne kika ce, ya kuma ƙare a kujera mafi daraja ta ilimi a ƙasarsu. To rayuwarsa ba ta ƙaryata littafinsa ba? Abin da nake tsoro shi ne a ba malalacin yaro hujja. Ya faɗi jarrabawa ya ce ba laifinsa ba ne, jarin al'ada ne ba shi da shi.

Malama 'Yar Dang:
Ranka ya daɗe, ba a ce ba mai tsallakewa ba. An ce a ƙirga. Likitan nan da kake tunawa, su nawa suka shiga aji ɗaya tare da shi, su nawa suka kai ajin ƙarshe? Kana tuna sunansa ne saboda shi kaɗai ne. Shi ma Bourdieu bai ɓoye cewa irinsa tsiraru ba ne, kuma har ya hau kujerar farfesa a Collège de France, babbar cibiyar ilimi ta ƙasarsu, a farkon shekarun 1980 bai daina jin kansa baƙo a cikin manyan Paris ba. Ga lissafin gida: binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2014 ya nuna talauci a Kamaru kashi 37.5 cikin ɗari ne, amma a Arewa Mai Nisa ya haura kashi 74, alhali a Duwala da Yawunde bai kai kashi 6 ba. Ba zai yiwu a ce duk lalaci ne ya taru a yanki ɗaya ba. Kai da ka ga mutanen dutsen Mandara suna gina gona a jikin dutse da hannu ka fi ni sanin haka.

Alaramma na Tongo:
Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu. Abu biyu. Na ɗaya, ku daina yi kamar Turawa ne suka fara wannan ilimi. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin yadda haɗin kan dangi ke kafa mulki, yadda jin daɗin birni ke cinye shi, yadda gida mai daraja kan rushe cikin zuriya huɗu: mai ginawa, wanda ya ga ginin, wanda ya ji labari, da mai rushewa. Duk wanda ya san gidajen attajiran goro na dā a garuruwanmu zai ce wallahi haka ne. Na biyu, Baffa ka ja mata kunne. Allah da kansa ya ce a Suratun Nahli ya fifita wasu a kan wasu a arziki. Kada karatu ya kai ta ga jayayya da rabo.

Ɗan Kusuri:
Allah gafarta Malam, a Suratul Hashri kuma an faɗi dalilin raba dukiya, don kada ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kawai. Mai bincike dai yana duba inda take kewayawa ne.

Alaramma na Tongo:
Na karɓa. Amma ka fara karatun tafsiri kafin ka dawo mini da aya.

Ɗan Kusuri:
😂 Na tuba, Malam. Bari in ƙara abu ɗaya da ya sa ban raina fannin ba duk da ƙorafina. Kun tuna faɗan Logon Birni a 2021, a Agusta sannan a Disamba, har wuta ta iso kasuwar Kusuri, dubban mutane suka haye kogi zuwa Injamena. A rediyo an ce Musgum da Larabawan Shuwa, faɗan ƙabila. Wasu suka ce sauyin yanayi. Amma wanda ya zauna da mutanen zai ji zancen ramukan da masunta ke haƙawa don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa ciki. Zai ji yadda ambaliyar fadamar kogin Logon ta ragu tun da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa. Zai ji wa ke da ɗan'uwa a hukuma, wa ba shi da shi. Wanda bai san waɗannan ba zai zo ya yi taron sulhu a otal, a ci abinci, a ɗauki hoto, a watse.

Hajiya ta Injamena:
Gaisuwa daga wannan gefen kogi. Mu ne muka karɓi mutanen da Ɗan Kusuri ke faɗa. Malama, abin da kika ce game da yare ya taɓa ni. A Chadi Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne a tsarin mulki. Amma ɗana da ya yi karatunsa da Larabci ya dawo da digiri mai kyau, ƙaninsa da ya bi ta Faransanci bai kai shi ƙoƙari ba, kuma ƙanin ne ake kira intabiyu. A masallaci da wurin ɗaurin aure kuwa babban ake turawa gaba. Kowanne da kasuwar da kuɗinsa ke ci. Baffa, 'ya'yanmu da yawa can Ngaundare da Marwa suke karatu, har 'yan mata, kuma suna dawowa lafiya. Idan zancen aure ne a ranka ba ka faɗa ba, to ka faɗa.

Baffan Hausare:
Hajiya kin kama ni. Shekara takwas Malama ta lissafa, ban da jira. Uwarta tana kallona.

Hajiya ta Injamena:
Aure ba ya hana masta. Miji ne ke hanawa. Ku zaɓi mijin da kyau.

Ɗan Sarkin Pawa:
Ni ban yi jami'a ba, amma tun da aka fara zancen nan nake son in sa baki. Kuna ta maganar talaka da mai kuɗi. Babana mahauci ne, kakana mahauci ne. Babana ya je Makka, yana da gidajen haya, ya ciyar da almajirai fiye da wasu masu rawani. Da na je neman aure wani gida a unguwarmu, gidan da a lokacin bashin nama ma muna bin su, aka ce a ba su lokaci su yi shawara. Shawarar ba ta ƙare ba har yau. Daga baya wata tsohuwa ta gaya wa innata dalili a fili: ba sa haɗa jini da masu wuƙa. To Malama, wannan a wane shafi yake a lissafin hukumar ƙididdiga? Kuma ita 'yar Baffa, idan ta gama, za ta iya rubuta wannan, ko sai dai ta je ta rubuta na mutanen dutse?

Malama 'Yar Dang:
Yayana, ka taɓo inda ke ciwo. An rubuta, amma baƙo ne ya rubuta. M. G. Smith, ɗan Jamaika, ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya kuma fitar da bayani a 1959 kan yadda Hausawa ke jera daraja ta sana'a: masu sarauta a sama, malamai da attajirai a bayansu, mahauta da makaɗa a can ƙasa, ko da kuwa aljihunsu ya fi na malamin nauyi. A wajen ƙabilar Mafa na Mokolo kuma maƙera ne ake warewa. Su ke binne gawa, matansu ke ginin tukwane, ba a aurensu, ba a cin abinci a ƙwarya ɗaya da su a al'adance.

Baƙo ya rubuta ya hau jirgi. Ɗan gida kuwa zai haɗu da waɗanda ya rubuta a wurin suna da jana'iza. Wannan shi ne wahalar aikin da ba a faɗa wa ɗalibi. Lokacin da nake bincike kan hayar gonakin karal, inda ake dasa masakwa bayan damina, sai da na fara gaida lawan mai riƙe da yankin, na gaida jauro mai ƙauyen, na nuna takardar izini. Don karamci aka haɗa ni da wani dogari ya raka ni. Duk manomin da na tambaya nawa yake biya, kuma wa yake ba, sai ya dubi dogarin ya ce lafiya lau, ƙasa ta mai ƙasa ce, ba mu da kuka. Littafina ya cika da lafiya lau. Sai da na koma zama wurin injin niƙa da rana, ba biro ba takarda, ina taya mata tankaɗe, sannan na ji wadda aka karɓe wa gona bayan mijinta ya rasu, da wanda ya share fili ya yi masa kunya shekara da shekaru, da ya yi kyau aka ƙara masa kuɗin haya. Da na zo rubutu kuma sai na canza sunan ƙauyen, na canza na mutanen, na cire wani labari gaba ɗaya domin duk wanda ya karanta zai gane mai shi.

A nan 'yarka tana da abin da namiji ba shi da shi, Baffa: za ta shiga cikin gida. Matar shi Smith ɗin, Mary, ita ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta da aka buga a 1954, kuma har yau da wuya a yi zancen rayuwar matan Hausa na wancan zamani ba a koma gare shi ba.

Jikan Fada:
A yi hattara dai. Daga zancen karatun yarinya an koma zancen sarakuna. Gonakin nan da ake faɗa, ba don fada ba da tuni an kashe juna a kansu. Kuma na san inda irin wannan hira ke zuwa, yanzu wani zai tono wane jikan bawa ne, wane jikan ɗa ne.

Admin:
Ba sunan gari, ba sunan gida, ba sunan basarake. Wanda ya saɓa zan goge. A ci gaba.

Malama 'Yar Dang:
Jikan Fada, ba ka yi ƙarya ba, sulhun fili da yawa a zauren jauro yake ƙarewa kafin ya kai jandarma, kuma mai binciken kirki zai rubuta wannan ma. Amma ka ga yadda Admin ya miƙe tsaye daga ambato kawai? Haka aikin yake kullum. Motaze Akam ya fitar da littafi a 1990 kan dangantakar lamiɗo, wato sarki, da manomi a arewacin Kamaru, ba a ce ya rushe sarauta ba. Jean-Marc Ela kuma, limamin coci ne ɗan Ebolowa, mai digirin dokta a sosiyoloji, ya bar kudu ya zauna shekaru a Tokombere tare da mutanen dutse, daga zaman nan ya rubuta yadda hukuma da kamfanonin amfanin gona ke tatsar ƙauye. Bayan kisan abokinsa Engelbert Mveng a 1995 ya bar ƙasar, ya rasu a Kanada a 2008. Ba ina tsorata Baffa ba ne. Yawancinmu ba mu kai inda za a kore mu ba, iyakarmu a daina gayyatarmu walima.

Mai Kilando Domayo:
Duk na ji, kuma duk na karanta su a aji. Amma ku lura da abu ɗaya. Wa ke iya jiran shekara takwas ba albashi? Ɗan wanda gidansu ke da mai ɗauke masa haya. Ni na tsaya a lisans ne ba don kaina ya cika ba, don ƙannena sun kai shiga lise, wato sakandare. Ilimin da ke binciken rashin daidaito shi ma sai mai hali ke kaiwa ƙarshensa. Malama, ke wa ya riƙe ki?

Malama 'Yar Dang:
Yayata ma'aikaciya ce, a gidanta na zauna har masta. Ban musa maka ba, ƙanena.

Baffa, idan ka yarje mata, ga sharuɗɗan da zan sa da 'yata ce. Ta riƙe lissafin ƙididdiga da kwamfuta da gaske tun shekarar farko, domin masu gudun lissafi su ne ke ƙarewa riƙe da tablet ɗin wani. Ta koyi Turancin Ingilishi, kuɗin bincike da mujallu da yawa da shi suke magana. Fulatancinta ya wuce na ciniki. Kuma bayan lisans ta shiga konkur ko da tana son ci gaba, mutum yana iya yin masta da matirkil a aljihu.

Baffan Hausare:
Na nuna mata hirar nan. Ta ce in gaya muku abin da take son ta fara bincika: 'yan matan da suka fara aji ɗaya tare da ita a unguwa, ina kowace ta tsaya, kuma wa ya yanke shawarar tsayawar. Ta ce ta san gidajensu duka. Ni abin da ya faɗo mini shi ne biyu daga cikinsu 'ya'yan abokan kasuwata ne, ɗaya kuma 'yar limaminmu. Ban ce e ba tukuna. Zan zauna da uwarta ranar Juma'a.

Tsohon Direkta, Gidar:
Ka bar ta ta je, Alhaji. Har yanzu ina kan bakana cewa makaranta tsani ce ga kowa, kuma zamanin wane ɗan wane ya wuce. Yau takarda ce ke magana.

Ɗan Sarkin Pawa:
Madalla, ranka ya daɗe. Ƙanena yana da takarda, injiniya ne, yana aiki a Garwa, bai yi aure ba. Na ji an ce kana da 'ya da ta gama makaranta. In turo manya?

Tsohon Direkta, Gidar:
An kira magariba a nan Gidar. Za mu yi magana.